Gyambon Ɗan Dako da Tambayar Hajiya

Jiya wani ɗan dako daga unguwar Bata, mai ciwon suga, ya miƙo mini ƙafarsa a ɗakin wanke rauni.

"Malam, kullum maganin nan kake shafawa, gyambon kuwa sai faɗi yake."

Na ce masa haka ake yi. Ina rufe baki na tuna da marigayiya Hajiya, shugabarmu ta ma'aikatan jinya, kunya ta rufe ni. Ta tsani wannan amsar.

Wata rana na ce mata zan binciki gyambo a intanet. Ta ajiye shayinta mai ƙamshin citta, ta yi dariya.

"Ɗana, ka taɓa shiga kasuwar Kwari ka ce a ba ka yadi kawai? Gyambon wa? Wane magani za ka gwada da wanne? Me kake son gani?"

Ta zauna da ni har muka samo binciken da ya dace. Bayan rasuwarta lalaci ya mayar da ni gidan jiya. In aka yanke ƙafar ɗan dakon nan, da me zai ciyar da iyalinsa?

Yau na koma bincike. Allah Ya haskaka kabarinta, Ya sa ban makara ba.