Shekarar da Habboba Kande Ta Daina Ba da Dariya

Duk wadda ta zauna a unguwar Sih ta Madina ta san mahaifiyata, Habboba Kande, ba ta shiga ɗakin biki sai ta duba takalman da ke bakin ƙofa. Za ta tsaya da sandarta tana juya su ɗaya bayan ɗaya kamar mai zaɓen tumatir, kuma ko sau nawa kika yi mata sannu da zuwa ba za ta amsa ba sai ta gama. Habboba dai kaka ke nan a bakin mutanenmu da suka taso daga Sudan, sunan ya bi ta har mu 'ya'yanta muka koma kiranta da shi. Dalilin binciken kuwa kun san shi, bakinta ne. Allah ya yi wa tsohuwar nan baki irin wanda ba a fito da shi gaban baƙo. In ta fara labarin tsofaffin maza da ɗan abin da ya rage musu, sai ki ga mata masu jikoki suna birgima a kan kafet suna riƙe ciki. Amma in ta ga takalmin yaro, ko na wata da surukarta ke ciki, to ranar nasiha za ku sha har a kawo shinkafa.

Kun tuna Hajiya Zulai ta Ƙuba, Allah ya ji ƙanta. Ta gaji da jin labarin Habboba a bakin mutane, kullum in ta zo sai a koma wa'azi saboda matar ɗanta tana wurin. Ranar wani biki sai ta riga kowa zuwa, ta cusa takalmanta a jaka, ta ja niƙabi ta lafe a kusurwa. Habboba ta duba ƙofa, ta ga hanya lafiya, ta kama labarin wani mai gawayi da ya dawo gida ba zato ya ji akwatin matarsa yana atishawa. Ana zuwa inda ya kama murfin, Hajiya Zulai ta kasa daurewa ta tuntsire da dariya.

Habboba ta tsaya cak. Ta ce, "Wannan dariyar ba ta da takalmi a waje."

Hajiya Zulai ta yaye niƙabi ta ce, "Don Allah Habboba ki ƙarasa. Da ya ɗaga murfin me ya gani?"

"Matar ɗanki ga ta can. Ya ɗaga murfin, ya tuba, ya koma ga Allah. A kawo abinci."

Shekara da shekaru matar nan tana aiko da dabino da turare a ƙarasa mata, har ta rasu ba ta ji ƙarshensa ba. Ni na ji, don ni ce auta kuma ba ta taɓa jin kunyata ba. Ba zan faɗa muku ba, ban ga takalmanku ba.

Babban abokin wasanta shi ne Faisal, ɗan yayana Usman. Tun yana rarrafe take kiransa mijinta, tana cewa miji ne maras amfani, ko cefane ba ya yi. Ya girma irin yaranmu na nan, ki yi masa Hausa ya amsa da Larabci, amma kwaikwayo a jininsa yake. Jika ai ba a jin kunyarsa, don haka da ya kawo ƙarfi babu labarin da ba ta zuba masa ba. Da ya gama makaranta ya tafi Jidda ya shiga wasan nan da mutum ɗaya ke tsayawa da makirufo yana ba jama'a dariya, a ɗauka a sa a intanet. Wasansa na farko tsaf yake, ko limami zai kalla da iyalinsa. Yadda Habboba ke cinikin albasa a baƙala, wato kantin unguwa, yadda take faɗa da na'urar sanyaya ɗaki, irin waɗannan. Ya zo da kansa ya riƙe mata jawwal ɗinsa, wato waya, don ta kalla, yana kallon fuskarta.

Da aka gama ta ce, "An idar? In shafa?"

Ya ce, "Habboba, bai yi kyau ba?"

"Ya yi kyau, mijina. Irin abincin asibiti ne. Ba ya kashe kowa, ba kuma wanda ke neman ƙari. Ina gishirin?"

Muka yi dariya har da shi. Ni na ga yadda ya mai da wayar aljihu, amma ban kawo komai a raina ba. Wasan jika da kaka ne, kullum haka suke.

Wasa na biyu shi ya kawo mu inda muke yau. Ya kwashe labaran Habboba na ɗakin mata ya juye su cikin Larabci a gaban maza da mata. Wannan kaɗai da sauƙi. Sai ya shiga gidan ubansa. Yaya Usman direban bas ne, tun yana saurayi yake kai maziyarta Ƙuba da Uhudu, kuma zaman kujera ya bar masa ciwon basir da ko mu 'yan'uwansa ba ma ambata. Akwai wani matashi mai rami a tsakiya da yake zama a kai, a cikin leda baƙa yake ɗauke da shi don kada a gani. Faisal ya hau dandamali da irinsa a hannu. Ya yi tafiyar ubansa, ya yi nishinsa na banɗaki, ya yi muryar uwarsa tana magana ta bayan labule. Ya faɗi sunansa, ya faɗi aikinsa. Jama'a suna ta tafi.

Ni na kai wa Habboba, don gara ta gani a hannuna da ta ji a bakin maƙwabta. Ta kalla tun daga farko har ƙarshe. Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba shi ne, a wajen tafiyar nan sai da dariya ta kuɓuce mata, ta yi maza ta toshe baki da mayafi.

Ta ce, "Abin haushin, ɗan banzan ya iya." Ta juyo wajena. "Auta, su wa aka bari suka shiga?"

Na ce, "Kowa, Habboba. Duk mai waya."

"To a fitar da yara tukuna."

"Ba a iya fitar da kowa."

"Uban fa?"

Na ce ya gani. Can ta ce in kira mata Jidda.

Faisal ya ɗauka da murnarsa. "Habboba, kin gani? Mutane kamar me. Hada fann, sana'a ce, haka ake yi yanzu. Ke ce fa kika ce ba gishiri."

Ta ce, "Na ce ka barbaɗa gishiri. Ban ce ka juye buhun a kan ubanka ba."

"Ai labaranki ne rabi."

"Nawa a ɗaki nake yi, in an tashi kowa ta bar shi a nan. Kuma ka taɓa jin na kira sunan mai rai? Halas, shi ke nan, kashe wayar, Auta."

Abin da ya biyo baya ba abin dariya ba ne, ko da yake mutane sun yi ta dariya. Direbobi a wajen ajiye motoci na Ƙuba suka riƙa miƙo wa Yaya matashi in ya zo shan shayi. Wani alhaji da ya zo Umra daga Kano ya gane shi, ya nemi su ɗauki hoto. Mutumin da ya yi shekaru a sahun gaba na masallacin unguwa ya koma tafiya har unguwar Bani Harisa yin salla, inda ba wanda ya san fuskarsa. Ya rame, ya daina zama cikin mutane. Ya ce wa matarsa ba shi da ɗa mai wannan suna, kuma ko ya mutu kada yaron ya taɓa makararsa. Faisal ya goge wasan daga baya, amma an riga an kwafa, yana nan yana yawo har gobe. Ya aiko da ban haƙuri ta waya, uban bai buɗe ba. Shi kuma zuwa gaba da gaba ya gagare shi, wai kunya. Na ce kunyar da ba ta zo a Jidda ba ce ta iso yanzu? Har yau in na tuna raina ɓaci yake, da shi da uban duka, don taurin kan nan iri ɗaya ne, kuma na san inda suka gado shi.

Ita kuwa Habboba sai ta ɗaure bakinta. Ta yi rantsuwa ba za ta ƙara ba kowa dariya ba sai ranar da uba da ɗa suka sa hannu a faranti ɗaya. Mun zaci na mako guda ne. Ina! Biki za ta je, ta zauna a tsakiyar ɗaki da carbi, fuska a murtuke, mata su yi ta satar kallonta kamar ana zaman makoki. Da abin ya ishi matan Sih suka tashi wakilai, uwar wata amarya ta durƙusa har ƙasa.

"Habboba, bikin 'yata ne. Ko ɗan ƙarami, mai tsabta ma mun yarda."

Ta ce, "To ku saurara. Wani mutum ya je kasuwa ya sayo albasa. Ya kawo gida. Aka yi miya."

Suka jira. Ta ci gaba da jan carbi.

"Sai me, Habboba?"

"Sai aka ci."

Daga ranar ba wadda ta sake roƙonta. A gida ma haka take. Na sha ganin magana ta taho mata har leɓe, idonta ya yi ƙyalli, sai ta haɗiye ta kamar magani. Wallahi ina jin haɗiyar nan ta fi ciwon sukarin cin jikinta. Ta taɓa ce mini, tana kallon bango, "Ni na ba yaron nan wuƙa, na kuma ce masa ba ta da kaifi."

Da ciwo ya kwantar da ita ta sa na yi ƙarya, ta ce zunubin a wuyanta. Na gaya wa Yaya cewa Faisal yana Jidda, na gaya wa Faisal cewa ubansa yana kan hanyar Makka da maziyarta, na ce kowannensu ya zo ya duba ta. Bayan la'asar suka haɗu a ɗakinta. Yaya ya juya zai fita, ta buga sanda a jikin gado, ya tsaya.

Ku tuna Yaya Usman ɗan farinta ne. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta kira sunansa ba, sai dai ta ce "mai motar nan". Ba ta haɗa ido da shi, ba ta cin abinci a gabansa, wasa kuwa ko a mafarki. Ranar sai ta dube shi ido cikin ido.

Ta ce, "Usmanu."

Ya matso ya tsaya a gaban gadon.

"Ciwon nan da kake ɓoyo a leda, gado ne. Ubanka da shi ya zo Madina. In ya zauna sai ka ce kaza a kan ƙwai, in ya shiga banɗaki maƙwabta har salati suke yi. Ni na sha wahalarsa, ba kai ba."

Ta yi shi da muryar nan tata ta da, har da karkata baki. Na san abin da take nema. So take dariya ta kuɓuce wa ɗayansu, ɗayan ya kama, shi ke nan a wuce wurin. Da a ɗakin mata ne da an yi birgima. Amma ba wanda ya yi ko murmushi. Faisal ya sunkuyar da kai. Yaya Usman, mutum mai furfura, ya ja gefen ƙyallen kansa ya rufe fuska, kafaɗunsa suna rawa, kuma ba dariya yake yi ba. Ya fita a hankali ya ja ƙofar.

Habboba ta daɗe tana kallon ƙofar. Tun da nake ban taɓa ganin maganarta ta faɗi ƙasa ba sai ranar. Ta juyo wajen Faisal, muryarta ta dushe.

"Mijina, yau na yi irin naka. Ashe ba daɗi."

Ya kifa kai a gefen gadon yana kuka, ta ɗora masa hannu a ƙeya. Ba ta ƙara wata doguwar magana ba, kafin Juma'a ta zagayo ta cika.

An yi mata salla a Harami aka wuce da ita maƙabartar Baƙi'a. Mu mata ba ma shiga, a bayan katanga na tsaya cikin rana, ina hangen kawunan maza suna tafiya da ita da sauri. Mijina ne ya ba ni labarin abin da ya faru a ciki. Yaya ya sauka cikin kabarin, aka ce wani ya sauka ya taya shi. Kafin kowa ya motsa Faisal ya diro. Mutane suka zuba ido, don duk sun san abin da Yaya ya furta a kan ɗansa. Yaya ya dube shi, ya dubi gawar da ake miƙowa, sai ya ce masa da Hausa, "Tallafi kanta."

Iyakar abin da ya shiga tsakaninsu ke nan har yau da nake wannan magana. Ba su ci abinci tare ba. Faisal ya koma Jidda, na ji an ce ya daina hawa dandamali, wasu kuma sun ce hutu yake yi. Yaya yana nan yana tuƙinsa, har yanzu Bani Harisa yake salla. Ina kewar uwata, kuma ina jin zafin yadda ta tafi ba ta ga abin da ta kame bakinta dominsa ba.

Ya Allah, ga baiwarka Kande a maƙwabtan Manzonka. Ka yafe mata abin da harshenta ya yi, mai daɗin da maras daɗin, Ka yalwata mata kabarinta. Su kuma biyun da ta bari, Ka sa maganar da aka fara a kan gawarta ta samu ta biyu tun suna da rai.