Littattafan Bayan Oga

A'a, ku daina cewa mai aikin laburare zama kawai yake yana kaɗe ƙura. Ai da kaɗe ƙurar ce kawai, da da sauƙi. Ku tambayi Anti Shiru.

Ita ke riƙe da laburaren wani kamfanin gina gadoji, ɗaki ɗaya a ƙarshen baranda, dab da banɗaki. Sunan ma tsokana ce, don ba ta taɓa samun taron da za ta ce wa a yi shiru ba. Karatun abin ta yi har digiri. Kowane rahoton gwajin ƙasa, kowane zanen gada, ta ba shi lamba ta liƙa, ta san mazauninsa ko ido a rufe. Amma Ummanta har yau ce wa maƙwabta take, "Littattafai take sayarwa a ofis, ciniki ne dai babu."

Mai karatunta na gaske ɗaya ne: Baba Injiniya, tsohon da ya ƙi yarda da kwamfuta. Sauran kuwa 'yan cajin waya ne da 'yan barcin rana.

Kwatsam aka ce za a rufe ɗakin, a mai da shi wurin motsa jiki. In ɗaki ya tafi, aikinta zai bi shi. Ta bi ofis-ofis tana bayani, kowa ya ce, "Allah sarki," ya ci gaba da latsa waya.

Ana haka, na'urar sanyaya ofishin Oga ta mutu, ga shi yana da taron bidiyo da wasu manya na ƙasar waje. Aka kawo shi laburare yana gumi, don na'urar can na aiki.

"Wannan ɗakin namu ne?" in ji shi.

"Namu ne, ranka ya daɗe."

Ya zauna, ya ba kantocin littattafai baya. Da taro ya ƙare, wani daga can ya ce, "Ashe haka kake da karatu!" Oga ya waiga, ya ga abin da ke bayansa, ya yi murmushin wanda ya haddace su duka.

Washegari ya dawo da kansa. "Malama, an fasa rufewa."

Har ta fara godiya.

"Amma littattafan nan sun yi hargitsi a kyamara. Ja kusa da kore, haba! Jera min su launi-launi."

"Ranka ya daɗe, ai lambobin ne ke nuna..."

"Wa ke ganin lamba a waya? Shuɗayen nan a saitin kaina, suna fito da fuskata."

Ta kalli lambobinta. Ta hango ƙarafan motsa jiki a inda teburinta yake, ta hango kanta a gida Umma na cewa, "Kantin ya karye ke nan?" Ta naɗe hannun riga ta fara jerawa. Rahotannin da ake aiki da su, masu bango toka-toka, ba su yi kyau a hoto ba, sai aka zuba su a kwali aka tura ƙarƙashin bene.

Kafin wata ya ƙare an ƙara mata girma: Shugabar Sashen Ƙawata Taro. Sabuwar kujera mai juyawa. Manajoji na bin layi don yin taron bidiyo a gaban littattafan, har da mai roƙon a ba shi jajaye don ya fi kwarjini.

Rannan Baba Injiniya ya shigo da sandarsa.

"'Yata, rahoton ƙasar bakin kogin nan nake so."

Ta buɗe baki za ta faɗi lambar, sai ta tuna lambar ba ta kai kowa ko'ina yanzu.

"Baba... wane launi ne?"

Tsoho ya cire tabarau. "Launi? Ke, gada zan gina ko ɗinki zan kai?"

Daga gaban shuɗayen littattafai Oga ya ɗaga yatsa. "Shiru mana! Laburare ne fa nan!"

To, masu cewa ta zubar da mutuncin sana'a, ku fito. Da ku ne, lamba za ku riƙe ko aiki? Kada wanda ya danna alamar dariya ya wuce. Ku yi magana!