Shanun da Ba Su da Tozo

Har gobe ba zan manta da yammacin da na haska majigi a wata ruga kusa da Dandin Mahe ba. Lokacin ina mataimakin jami'in wayar da kai a sashen kula da dabbobi. Ƙa'idar aikin ita ce, kwana biyu kafin likita ya zo yin rigakafi, mu je mu nuna wa makiyaya fim, mu amsa tambayoyi.

Ni kuwa mutum ne mai ra'ayi a kan fim, har abokan aiki na kirana Darakta. A wurina tsofaffin finafinai marasa launi su ne fim, sai na Indiya na dauri, sai na Turawa masu nuna rayuwar gaskiya. Sauran duk wasan yara ne. Don haka da shugabana, Malam Umaru, ya ba ni faifan ofis, na ajiye shi a aljihun tebur, na ɗauki wani na ƙasar waje da nake ji da shi. Ciwon huhu ya riga ya shiga garkunan yankin, na ce aiki babba sai fim babba.

Bayan magariba na kafa farin zane, na tada janareta. A fim ɗin ga ciyawa koriya shar, shanu baƙi da fari, ana yi musu allura, ina fassarawa. Ba wanda ya yi ko tari. Na ce a raina, yau sun ga fim.

Da aka gama, Arɗo Bello, shugaban rugar, ya gyara zama.

"Malam, shanun ga da munka gani, ina tozonsu? Ina ƙahoninsu?"

Na ce irin ƙasarsu ke nan.

"To, madalla. Mu dai mun ga allura, kuma ba mu ga tozo ba."

Ranar rigakafi likita ya wuni ƙarƙashin tsamiya, ko maraƙi ba a kawo ba. Malam Umaru bai yi mini faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Darakta, kai ka ɓata, kai ka gyarawa."

Na hau babur zuwa Mandera, wurin wani manomi mai bajimin da aka yi wa allura shekara uku a jere. Na ɗauki bajimin a bidiyo da waya: hoto na rawa, kaza ta gitta, mai shi yana ta kallon sama. Da wani ne ya ɗauka, da na yi mako ina kushe shi.

Kwana tara bayan ranar rigakafin na koma rugar na haska. Arɗo ya miƙe tsaye.

"Wanga ai ɗan Goje na! Ni nis sai da shi, uwatai na cikin garkena. Ku dubi tozo!"

Washegari shanu suka cika filin rigakafi. Amma kwana taran da na ɓata ba su tafi a banza ba: ciwon ya shiga garken Arɗo, ya kashe uku. Har yau abin yana ci mini rai.

Da za mu tafi Arɗo ya riƙe hannuna, ya ce, "Na Turawan ya hi kyawo, ba gardama. Amma ba mu san iyayen shanunsu ba."

Ku da kuke shigowa aikin nan, ku riƙe wannan: makiyayi ba ya miƙa saniyarsa don hoto ya yi kyau, sai ya ga wadda ya sani. Goje tana cikin ukun da suka mutu.