Kujerarka a Ɗakin Gam

Ranar Laraba, tara ga watan jiya, da hantsi, Allah ya karɓi ran yayana a gadon asibiti, bayan ya shafe watanni yana kokawa da numfashi. Na Allah muke, kuma wurinsa za mu koma. Ba na jayayya da hukuncin Ubangiji, Yaya. Da mutane nake jayayya, kuma yau sai na faɗa.

Sama da shekara ashirin ka yi kana manna tafin takalmi da gam a masana'antar da ke cikin yankin nan mai katanga, inda ake sarrafa kaya don ƙasashen waje kaɗai. Takalman da suka bi ta hannunka ba su ƙirguwa, amma ko ƙafa ɗaya ba ka taɓa sawa ba, domin doka ta hana su shiga kasuwarmu. Ranar hutu kuwa sai ka zauna a ƙofar gida, yaran unguwa su jeru da tsinkakkun silifas ɗinsu, ka gyara wa kowa kana tsokanarsa. Da Baba ya rasu kai ka riƙe mu. Keken ɗinkin da nake cin abinci da shi a kanka ka ɗauko shi, ka sauke kana haki kana dariya, ka ce, "Ƙanwata, ko hannun riga ɗaya ya fi ɗaya tsawo zan sa, amma sai na gaya wa duniya ke kika ɗinka."

Akwai wata ƙungiyar ƙasa da ƙasa da ke tallafa wa irin waɗannan yankuna, wai don ciniki ya gudana babu shinge. Duk shekara wakilanta sukan zo ziyara. Ana gobe za su zo ake share ɗakin gam, a tayar da fankokin zuƙe iska da suka shekara a kashe, a raba muku sababbin takunkuman fuska. Motarsu na fita daga ƙofa, mai kula da ku zai bi layi da kwali yana karɓe takunkuman, a adana su sai baɗi. A irin wannan rana suka ce ka zare naka kaɗan don murmushinka ya fito, suka ɗauki hotonka, suka kafa shi a ƙaton allo a bakin yankin. Tun daga nan abokan aikinka suke kiranka Baban Hoto.

Kada wani ya ce mini ba su sani ba. Mutanen da suka zaga duniya suna duba masana'antu, a ce ba su san takunkumin da aka ɓare daga leda da safen nan ba? Sun sani sarai. Abin da suka zo gani aka nuna musu, suka tafa, suka tafi. Na tsani allon nan, Yaya. Kana kwance kana tari har sai an riƙe ka, shi kuwa yana can yana yi wa manyan motoci murmushi.

Muna zaman makoki sai ga manaja da wakilin ƙungiyar, ƙamshin turarensu ya riga su shigowa. Wakilin ya ce kai shaida ne na alherin da yankin ya kawo wa talaka. Manaja ya gyara murya ya ce al'adar kamfani ce, idan tsohon ma'aikaci ya rasu, a ba ɗansa kujerarsa ba tare da bin layi ba. Sun ajiye taka domin 'yarka ta fari, wadda ba ka taɓa kiranta da komai ba sai Mamana.

Na ce, "Ranka ya daɗe, da takunkumin ko babu?" Ya dubi ƙasa, mutane suka yi ta taɓa ni in yi shiru.

Bayan sun tafi na kama hannunta na ce ta zo shagona, ko ta yaya za mu rufa wa juna asiri. Ta ce, "Gwaggo, keke ɗaya ne gare ki, kuma ga ƙannena. Ki bar ni." Na yi faɗa, na yi kuka, ban iya juya ta ba. Taurin kanka ta ɗauko duka.

Ta fara aiki Litinin ɗin da ta wuce. Da ta dawo da yamma, mahaifiyarta tana zaune a tsakar gida ta ba ƙofa baya. Yarinyar ba ta ko yi sallama ba tukuna, matarka ta zabura ta waiga, don warinka ne, warin gam, ya shigo gidan.

Allah ya jiƙanka, Yaya, ya yafe maka kurakuranka, ya yalwata maka kabarinka, ya ba ka iskar Aljanna ka shaƙa son ranka. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka da 'ya'yanka da abokan zamanka na ɗakin gam. Waɗanda suka tafa suka tafi kuwa, na bar su da Allah. Ya Ubangiji, ka tsare mana ƙirjin Mamana.