Sunayen da Talha Ya Sa wa Taurari

Duk wanda ya san bakin tashar Sabon Birni ya san rumfar Alhassan Mai Caji. Mutumin Tungar Almu ne, wani ƙauye can bayan Kurawa. Noma ya tashi da shi, har ranar da amalanke ta danne masa ƙafa ta bar shi da ɗingishi. Daga nan ya dawo gari, ya kafa faifan sola biyu a kan rumfa, yana yi wa mutane cajin waya. Ba shi da yawan magana, kuma bai taɓa ba wani wayar da ba tasa ba.

Ƙanensa Talha shi ne ɗan bokon gidan. Karatu ya kai shi har Afirka ta Kudu, inda yake nazarin taurari. Bayan shekara biyar ya dawo a rame, da ciwon da likitoci suka kasa, da kwamfuta a jaka. Tunda rumfa ce mai wuta, nan yake wuni.

Wata rana bayan azahar ya ce, "Yaya, taho ka ga aikina."

Allon baƙi ne wuluk. Can sai wani abu kamar hayaƙi ya fara haɗuwa, zare-zare kamar yanar gizo. Inda ya yi kauri sai haske ya tsiro.

"Mi na wanga?" in ji Alhassan.

"Kwaikwayo na. Mun ba babbar na'ura iska da dokar da ke sa abu ya jawo abu, muka bar ta tana lissafi wata huɗu. In iska ta taru ta huce, sai taurari su kunnu. Kowane ɗigo da kaka gani garke guda na na taurari. Shekara biliyan goma sha uku a minti shida."

Alhassan ya ga ƙananan garkuna suna gangarowa wajen wani babba, suna kewaya shi, yana yage su yana haɗiyewa. A gefen kowanne akwai rubutu. Ya matsa ya karanta: Gidan Zaidu, Tungar Nura, Rugar Abbas. A kan babban kuwa an rubuta Sabon Birni.

Talha ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Lambobi sun yi man wuyar riƙewa, ga kewar gida. Sai na sa masu sunayen ƙauyukanmu yadda suka zo man a ka."

Kafin damina ta faɗi Talha ya rasu. Kwamfutar ta zauna wajen Alhassan, shi kuma in kasuwa ta lafa yakan kunna ya kalla, don nan ne kawai yake jin kamar ƙanen yana kusa.

A shekarar ne ɓarayin daji suka matsa wa yankin. Mutanen Gidan Zaidu suka fara isowa tasha da tabarmi da tukwane a ka. Bayan wata guda sai na Tungar Nura. Ran da matan Rugar Abbas suka zauna a inuwar rumfarsa suna neman ruwa, Alhassan ya tuna da sunayen da Talha ya sa wa garkunan taurari. Ya kunna kwamfuta ya bi a hankali. Gidan Zaidu ne babban garke ya fara haɗiyewa, sai Tungar Nura, sai Rugar Abbas. Hoton kuwa an gama shi shekara biyu kafin kowa ya bar gidansa.

Na huɗu shi ne Tungar Almu, inda mahaifiyarsu Kande take.

Bai gaya wa kowa ba. Ya yi kwana uku yana ce wa kansa dace ne kawai, gaibu na Allah ne. A na huɗu ya ɗauki hayar babur ya tafi.

Ya tarar da ita tana sussuka a tsakar gida. Garin lafiya lau, gero ya fara fitar da kai.

"Inna, za ni tahi da ke birni."

"An ce maka wani abu na?"

"A'a."

Ta daɗe tana dubansa. "Talha na, ko?" Ta jingine taɓarya ta shiga ɗaki ta ɗauro kayanta.

Maƙwabta sun ga fitarsu. Suka ce Alhassan mutumin tasha ne, labarin duniya ta kunnensa yake bi, ba zai ɗauke tsohuwa haka kawai ba. Washegari gida biyu suka tashi. Kafin sati biyu har liman ya iso Sabon Birni da littattafansa a buhu. Babu wanda ya harba bindiga a Tungar Almu, a lokacin ko bayansa.

Da kaka Alhassan ya koma shi kaɗai da hantsi. Gero ya nuna ya sunkuya, babu mai yanka. Ƙofofi a buɗe, kaji sun zama na daji. Ya tsaya a gindin tsamiyar masallaci, ya ji sarai ana daka a wani gida, luguden mutum biyu. Ya bi sautin har gida uku, ko'ina turmi a kife. Ya hau babur bai waiwaya ba.

Akwai sauran sunaye bakwai a hoton, kuma ya san jerinsu. Tun daga ranar bai faɗa wa kowa ko ɗaya ba. In mutumin ɗaya daga waɗannan ƙauyuka ya kawo caji, Alhassan yakan karɓi wayar, ya tambaye shi lafiyar gida da ta shanu, ya saurari amsar har ƙarshe.

Kande tana zaune da shi yanzu a unguwar bayan tasha. Tana sayar da ƙuli-ƙuli a ƙofar gida, kuma har yau ba ta tambaye shi abin da ya gani ba.