Ƙoda Ɗaya Gare Ta, Aka Hana Ta Ruwa

Shekara bakwai ke nan da muka binne yayata Rahila. An ce lokaci maganin zafin rai ne, amma ni har yau ban huce ba.

Rahila tela ce a Barnawa, mai rera waƙa tana taka keke. Ta haura shekara ashirin ba ta taɓa ganin al'ada ba. Maimakon asibiti, sai aka kai ta gidan addu'ar wata mata a Nasarawa. Matar ta dafa mata ciki ta ce, "'Yata, ɗaure ki aka yi. Azumi za ki riƙa yi, ba ci, ba ko ɗigon ruwa." In ta buɗe baki kuma, a ɗura mata jiƙon saiwoyi. Wata bayan wata ana haka, har ƙafafunta suka kumbura. Na taɓa miƙa mata ruwa a ɓoye, ta yi murmushi ta ce, "Auta, Shaiɗan ne ya aiko ki? Mayar da shi."

Sai da fitsari ya ɗauke mata aka tuna da likita. Hoton ciki ya nuna da ƙoda ɗaya aka haife ta, mahaifa kuwa babu ita tun asali. Ƙodar nan tilo ce ƙishirwa da jiƙo suka gama da ita.

Daga baya na nemi sani. Ashe a makonnin farko cikin uwa, ƙoda da mahaifa kusa da juna suke tsirowa, kamar masara da wake a kunya ɗaya. Ƙwayoyin gado ne ke ba su umarni, in kuma umarnin ya sami tangarɗa, yakan shafi su biyun. Tun cikin Mama bai fito ba aka gama wannan zance. To, wa ya ɗaure ta? Rashin sani ya fi dare duhu, amma mai sayar da duhun fa?

Da Rahila za ta leƙo yau, me za ta ce? Ko'ina ana hoton ciki, mata na layi don jin ko namiji ne ko mace a sayi kaya. Gidan addu'ar nan kuwa har bene ya yi, da lasifika.

Watan jiya aka ce Godiya, 'yar kawunmu, ita ma shiru, ba ta ga al'ada ba. Na ji Mama tana cewa, "A gwada kai ta Nasarawa mana." Ni da ban taɓa ɗaga mata murya ba, na ce, "Mama, ba ki gaji da binnewa ba?" Ta gyara ɗaurin zane, ta riga mu shiga Keke Napep zuwa asibiti.

Rahila ba ta bar ɗa ba, ba ta bar gida ba. Abin da ta bari shi ne muryar nan da ban san ina da ita ba, da kuma uwa zaune a bencin asibiti riƙe da hannun Godiya, tana ce wa nas, "Ku duba mana ita da kyau, har ƙodar."