Ranar da Aka Yaye Labulen Pranom

Pranom ta tsufa a ɗakin binciken wata jami'a a Chiang Mai, tana aiki da jar fitila. Wani ruwan sinadari rawaya take tacewa, wanda ƙwayoyinsa ke murɗewa da zarar sun sha haske. Da shi take sa ran samun digirin da ta daɗe tana nema.

Ranar da sufayen Buddha suka zo sa wa ɗakin albarka, Farfesa Wirot ya yaye baƙin labule.

"Haba Yaya Pranom, a duhu za mu zaunar da su? Jemagu ne mu?"

Tana durƙushe, kuma ba a miƙewa sufaye na addu'a. Tana kallo rana ta hau kwalabenta, ruwan ya koɗe, digirin ya bi shi. Da aka gama, ita aka sa rabon shinkafa.